Makokin Yara Da Sa Wa 'Ya'ya Albarka A Al'adar Yahudawa

A gefen yamma na Birnin Ƙudus, bisa wani tudu da ake kira Dutsen Tunawa, akwai wani ɗaki da aka haƙa cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya shiga ba ya ganin gabansa, tilas ya kama ƙarfen da aka kafa a gefen hanya ya riƙa bi a hankali. A tsakiyar ɗakin an kunna waɗansu 'yan kyandira, an kuma kewaye su da madubai, har haskensu ya yi ta ninkuwa ya zama kamar taurari a daren da babu farin wata. Ba a jin kome sai murya daga na'ura tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Takan faɗi sunan yaro, da shekarunsa, da ƙasar da ya fito, sa'an nan ta wuce ga na gaba.

An buɗe wannan ɗaki cikin 1987 a harabar Yad Vashem, watau hukumar da majalisar dokokin Isra'ila ta kafa a 1953 domin adana tarihin kisan ƙare dangi da gwamnatin Hitila ta yi wa Yahudawan Turai. Moshe Safdie ne ya zana ginin. Kuɗin aikin kuwa ya fito daga wani attajiri mazaunin Amurka, Abraham Spiegel, da matarsa Edita, waɗanda aka kashe ɗansu Uziel a sansanin Auschwitz yana da shekara biyu da rabi. An sassaƙa fuskar yaron a bakin ƙofa. Bisa ga lissafin hukumar, daga cikin Yahudawa miliyan 6 da suka halaka a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, kimanin miliyan ɗaya da rabi yara ne.

Al'ummar da ke wannan makoki ita ce kuma ke da wata al'ada ta kowane mako, inda uba ko uwa ke ɗora hannu a kan kowane ɗa su sa masa albarka. Al'adun nan biyu tushensu guda ne, don haka mai son fahimtar ɗaya sai ya dubi ɗayar.

Yadda Aka Yi Asarar

Tun da farko mahukuntan Jamus na wancan zamani sun kasa fursunoninsu kashi biyu, da masu iya aikin ƙarfi da waɗanda ba su iyawa. Ƙananan yara suna cikin kashi na biyu, saboda haka yawancinsu da saukowa daga jirgin ƙasa ake wucewa da su ɗakunan iskar guba, sau da yawa tare da iyayensu mata. Akwai kuma wani dalili da Heinrich Himmler, shugaban rundunar SS, ya bayyana wa manyan jam'iyyarsu a birnin Posen cikin watan Oktoba na 1943. Ya ce ba zai kashe manya ya bar 'ya'yansu su girma su ɗauki fansa ba. An kuma kashe yaran ƙabilar Roma da naƙasassun yaran Jamusawa dubbai.

A birnin Lodz na ƙasar Polan, inda aka killace Yahudawa cikin unguwa guda, hukuma ta ba da umurni a watan Satumba na 1942 a miƙa mata yara 'yan ƙasa da shekara 10 da tsofaffi da marasa lafiya. Shugaban da Jamusawa suka naɗa wa unguwar, Chaim Rumkowski, wanda kafin yaƙi mai kula da gidan marayu ne, ya tsaya gaban jama'a ran 4 ga watan ya roƙi iyaye su ba da 'ya'yansu, wai don sauran mutane su tsira. Cikin mako guda aka kwashe mutum fiye da 15,000 zuwa Chelmno, aka kashe su.

A Warsaw kuwa akwai wani likita kuma marubuci, Janusz Korczak, wanda ya riƙe gidan marayun Yahudawa tun 1912. Abokansa sun nema masa hanyar tsira, ya ƙi. A farkon watan Agusta na 1942 ya jera marayunsa kimanin 200, ya yi musu jagora tare da abokiyar aikinsa Stefania Wilczynska har tashar jirgin ƙasa, aka kai su Treblinka. A yau an kafa duwatsu wajen 17,000 a filin Treblinka, waɗansu ɗauke da sunayen garuruwan da aka shafe Yahudawansu. Dutse ɗaya tak ke ɗauke da sunan mutum, na Korczak da yaransa.

Waɗanda suka tsira kaɗan ne. Daga Disamba na 1938 zuwa ɓarkewar yaƙi a Satumba na 1939, Ingila ta karɓi yara kimanin 10,000 ba tare da iyayensu ba, da yawansu kuwa ba su sake ganin iyayen ba har abada. Waɗansu an ɓoye su a gidajen Kirista da makarantun mishan da gonaki, an sauya musu suna.

Makoki Bisa Dokar Addini

Addinin Yahudanci ya tsara makoki daki-daki. Idan aka yi rasuwa akan gaggauta jana'iza. Dangi na kusa, watau uba da uwa da 'ya'ya da 'yan'uwa da miji ko mata, kowa yakan keta rigarsa a ƙirji. Wanda ya rasa mahaifi yakan keta ta hagu, saitin zuciya, sauran kuwa ta dama. Daga maƙabarta akan koma gida a zauna kwana 7, abin da suke kira Shiva, ma'anarta bakwai da Ibrananci. A waɗannan kwanaki masu makoki sukan zauna a ƙasa ko bisa gajerun kujeru, ba sa aski, ba sa sa takalmin fata, ba sa fita aiki, akan kuma rufe madubin gida. Abincin farko bayan jana'iza maƙwabta ne ke kawowa, yawanci burodi da dafaffen ƙwai.

Babbar addu'ar makoki ita ce Kaddish, da harshen Aramiya. Abin mamaki, babu ambaton mutuwa a cikinta, yabon Allah ne da roƙon zaman lafiya daga farko har ƙarshe. Ba a karanta ta sai an sami baligai 10, saboda haka wajibi ne jama'a su zo gidan makoki safe da yamma don adadin ya cika. Ta haka doka ta hana a bar mai makoki shi kaɗai.

Bayan kwana 7 sai a shiga makoki mai sauƙi har kwana 30. Wanda ya rasa uba ko uwa yakan ci gaba har wata 12, amma wanda ya rasa ɗa makokinsa na doka yana ƙarewa a kwana 30. Malamansu sun ce tsawon makokin mahaifa ya samo asali daga umurnin girmama iyaye, ba ma'aunin zafin rashi ba ne. Duk da haka iyaye da yawa sukan ci gaba da karanta Kaddish don ganin damarsu. Kowace shekara a ranar rasuwar akan kunna kyandir mai ci yini da kwana, sau huɗu kuma a shekara akan yi addu'ar Yizkor a majami'a, inda kowa ke ambaton mamatansa da suna.

Makokin yara na al'umma gaba ɗaya ya daɗe a tarihinsu. Littafin Irmiya ya kwatanta Rahila, mahaifiyar Yusufu, tana kuka saboda zuriyarta da aka kai bauta, ta ƙi rarrashi. Ran 9 ga watan Av na kalandarsu sukan yi azumi su zauna a ƙasa suna karanta Littafin Makoki, wanda ya ba da labarin yunwar da ta kashe jarirai lokacin da Babila ta ci Birnin Ƙudus. A 1096 kuma, sa'ad da rundunonin yaƙin Salibi na farko suka auka wa Yahudawan Worms da Mainz a bakin kogin Rhine, waɗanda suka ragu sun rubuta sunayen mamatan cikin littattafai, manya da yara, ana karantawa a majami'a kowace shekara.

Mamatan Da Ba Su Da Kabari

Da yaƙi ya ƙare a 1945 sai aka ga cewa wannan tsari, duk da cikarsa, bai tanadi irin wannan masifa ba. Shiva takan fara ne bayan binnewa, ga shi kuwa babu gawa, babu kabari. Kyandir na shekara yana bukatar a san ranar rasuwa, ba a kuwa sani ba. Mafi muni, iyalai da yawa sun ƙare ƙaƙaf, babu wanda ya ragu da zai tuna cewa an taɓa haihuwar yaro kaza a gida kaza.

Ba da daɗewa ba bayan kafa ƙasar Isra'ila a 1948, majalisar manyan malamanta ta ware ranar 10 ga watan Tevet, wadda dama ranar azumi ce da kan faɗo a Disamba ko Janairu, ta zama ranar Kaddish ta kowa da kowa, domin waɗanda ba a san ranar mutuwarsu ba. Majalisar dokoki kuma a 1951 ta zaɓi 27 ga watan Nisan, wanda kan zo a Afrilu ko farkon Mayu, aka tabbatar da ita da doka a 1959. A jajibirin ranar waɗanda suka tsira mutum 6 sukan kunna wuta 6 a Yad Vashem. Kashegari da ƙarfe 10 na safe akan busa jiniya minti biyu, motoci su tsaya a kan titi, direbobi su fito su tsaya cik. Ba kowa ne ya yi na'am da wannan rana ba. Masu tsananin riƙon addini suna ganin Nisan watan Idin Ƙetarewa ne, wanda doka ta hana makoki a cikinsa, jiniya kuma ba al'adar kakanni ba ce. Majalisar Ɗinkin Duniya daga baya, a 2005, ta ware 27 ga Janairu, ranar da sojojin Tarayyar Sobiyet suka 'yantar da Auschwitz.

Babban aikin da aka sa gaba shi ne nemo sunaye. Tun daga shekarun 1950 Yad Vashem ke rarraba takardar shaida, wadda duk wanda ya san wani mamaci zai cika da sunansa da garinsu da sunayen iyayensa. An tattara sunaye kusan miliyan 5. Na yara ne suka fi wuyar samu, domin jariri ba shi da takardar makaranta ko ta aiki, wani lokaci maƙwabci yakan tuna cewa akwai yara uku a gidan amma sunayen sun ɓace masa.

A Faransa wani lauya, Serge Klarsfeld, wanda mahaifinsa ya mutu a Auschwitz, ya shafe shekaru yana bin takardun 'yan sanda da na jiragen ƙasa har ya fitar da littafi a 1994 mai ɗauke da sunayen yara fiye da 11,000 da aka kwashe daga ƙasar. A yau makarantun firamare da yawa na Paris suna da allo a bango mai tunatar da cewa an ɗauki ɗalibai daga nan. A birnin Prague kuma ana ajiye da zane-zane fiye da 4,000 da yaran sansanin Terezin suka yi. Malamarsu, Friedl Dicker-Brandeis, ita ta ɓoye su cikin akwatuna biyu kafin a kai ta Auschwitz a Oktoba na 1944. Da yawa cikin takardun suna ɗauke da sa hannun yaron da ya zana, wani lokaci shi ne kaɗai abin da ya ragu na yaron.

Albarkar Daren Asabar

Ga Yahudawa rana takan fara ne daga faɗuwar rana, saboda haka Asabar, ranar hutunsu, tana shiga da magaribar Jumma'a. Uwar gida takan kunna kyandir kafin rana ta faɗi. Idan an dawo daga majami'a, kafin a zauna cin abinci, sai yara su matso ɗaya bayan ɗaya, uba ya ɗora hannuwansa a kan kowanne. A gidaje da yawa uwa ma takan yi. Ga ɗa namiji akan roƙi Allah ya mai da shi kamar Ifraimu da Manassa, ga 'ya mace kuwa kamar Saratu da Rifkatu da Rahila da Lai'atu. Sa'an nan a bi da addu'ar da Attaura ta ce an umurci Haruna da zuriyarsa su riƙa yi wa Bani Isra'ila, mai roƙon tsari da rahama da salama. Waɗansu iyaye sukan ƙara raɗa wa yaro wata magana tasu a kunne, su sumbace shi a ka. A jajibirin Yom Kippur, babbar ranar azumi da tuba, akan yi doguwar addu'a wadda ta fi wannan, iyaye da yawa da hawaye.

Al'adar ta bayyana a rubuce-rubucen Yahudawan Turai tun ƙarni na 17, amma kalmominta sun fi haka tsufa nesa. A 1979 masu binciken kayan tarihi ƙarƙashin Gabriel Barkay suka tono waɗansu ƙananan layu biyu na azurfa a wani kabari a Ketef Hinnom, kusa da tsohon Birnin Ƙudus. Da aka warware su sai aka ga addu'ar nan ta Haruna a rubuce, an kuwa ƙiyasta cewa sun kai shekara 2,600.

Me ya sa aka zaɓi Ifraimu da Manassa, aka bar Ibrahim da Isiyaku? Malamansu sun kawo dalilai biyu. Na ɗaya, su ne 'yan'uwa na farko a Littafin Farawa da ba a ji husuma tsakaninsu ba, ko da yake kakansu ya fifita ƙaramin a kan babban. Na biyu, a Masar aka haife su, cikin baƙin mutane, amma ba su bar addinin gidansu ba.

Akwai kuma abin da labarin kansa ya nuna. Ifraimu da Manassa 'ya'yan Yusufu ne, wanda ya fara sa musu wannan albarka kuwa Yakubu ne. Mai karatu ya san ƙissar. An kawo wa Yakubu rigar ɗansa da jini, aka ce naman daji ya cinye shi. Attaura ta ce ya keta tufafinsa ya yi makoki kwanaki masu yawa, ya ƙi karɓar ta'aziyya, alhali babu gawa, babu kabari. Bayan shekaru, yana tsoho idanunsa sun dushe, aka kawo masa yaran biyu, ya rungume su ya ce bai taɓa sa ran sake ganin fuskar Yusufu ba, ga shi Allah ya nuna masa har 'ya'yansa. Watau kalmomin da Bayahude ke faɗa a kan ɗansa kowane mako sun fito ne daga bakin uban da ya san ɗacin rashin ɗa.

Dokar makoki ma ta haɗa al'adun biyu. An hana nuna makoki a fili ranar Asabar, ko da ta faɗo cikin kwanakin Shiva. Da yammacin Jumma'a masu makoki sukan tuɓe ketacciyar riga su tafi majami'a, jama'a su tarye su da ta'aziyya a bakin ƙofa. Uban da ya binne ɗa ran Laraba, idan yana da sauran 'ya'ya, daren Asabar zai zo ya same su suna jiran hannunsa.

Nauyin Suna

Bayan yaƙi waɗanda suka tsira sun zauna shekaru a sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus da Ostiriya da Italiya. Aka yi ta ɗaurin aure da haihuwa, har yawan haihuwa a sansanonin ya shiga sahun mafi yawa a duniya a lokacin. A sansanin Bergen-Belsen kaɗai an haifi jarirai kimanin 2,000 kafin a rufe shi a 1950. Bisa al'adar Yahudawan gabashi da tsakiyar Turai, akan raɗa wa jariri sunan wanda ya rasu cikin dangi, saboda haka yaran suka tashi da sunayen kakanni da gwaggwanni da kawunan da ba su taɓa gani ba. Waɗansu sai da suka girma suka gane cewa mahaifinsu ya taɓa yin wata mata da waɗansu 'ya'ya kafin yaƙi.

Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Birnin Ƙudus, Dina Wardi, wadda ta daɗe tana jinyar 'ya'yan waɗanda suka tsira, ta lura cewa a iyalai da yawa akan sami yaro ɗaya da iyaye suka ɗora wa aikin maye gurbin mamata, ta kira irinsu kyandiran tunawa. Irin wannan yaro yakan tashi cikin tsananin ƙauna da tsananin tsaro, ba a barinsa ya yi nisa, shi kuma yana jin tsoron ɓata wa iyayensa rai ko da kaɗan.

A zamanin jikoki an sami wata hanya mai sauƙi. Yaro namiji yakan shiga sahun baligai a addini yana da shekara 13, mace kuwa 12, akan kuma yi biki. Yad Vashem takan haɗa mai bikin da sunan wani yaro da aka kashe kafin ya kai wannan shekara, sau da yawa mai suna irin nasa ko ranar haihuwa ɗaya. Mai bikin zai karanta tarihin takwaran nasa, ya ambace shi a gaban jama'a. Har yanzu dai gurbin bai cike ba. A 1939 Yahudawan duniya sun kai kimanin miliyan 16 da rabi, ƙididdigar 2024 kuwa ta nuna ba su kai miliyan 16 ba.

Iyayen Ɓangarori Biyu

Ba za a yi zancen mutuwar yara a wannan yanki ba tare da tuna cewa rikicin Isra'ila da Falasɗinawa ya ci yara masu yawa ba, musamman a Gaza tun daga Oktoba na 2023. Daga cikin iyayen da suka yi rashi akwai waɗanda suka ga cewa makoki bai san iyaka ba. A 1994 mayaƙan Hamas suka kashe wani matashin soja, Arik Frankenthal. Mahaifinsa Yitzhak, mutum mai riƙon addini, ya kafa ƙungiyar iyayen da suka yi rashi a 1995, daga baya iyalan Falasɗinawa suka shigo. Ƙungiyar ta tara ɗaruruwan iyalai daga ɓangarorin biyu, tana kuma cikin masu shirya taron makoki na haɗin gwiwa kowace shekara, inda ake magana da Larabci da Ibrananci. Taron yana shan suka daga masu ganin bai kamata a haɗa mamatan nan da na can ba, amma iyayen ba su fasa ba.

Ranar Jumma'a akan rufe Yad Vashem tun da rana tsaka, ba a buɗewa sai Lahadi. Masu ziyara da ma'aikata sukan watse zuwa gidajensu. Saura minti 40 rana ta faɗi, bisa al'adar Birnin Ƙudus, mata sukan kunna kyandiran Asabar, waɗansu iyalai kuma sukan ƙara kyandir ɗaya domin kowane ɗa da aka haifa a gidan. Bayan haka sai a kira yara da sunayensu, daga babba zuwa ƙarami.